Abincin Zomaye

Dariyar ce ta fi yi mata ciwo, ba maganar ba.

Auta na durƙushe a tsakiyar falon surukarta da kwano a hannu. Gasasshen kifi ne, da kabeji da karas da ɗan dafaffen dankali, mai kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dangin miji sun cika falon maƙil, hutun ƙarshen shekara ya tattaro kowa.

Umma ta ɗaga murfin da yatsa ɗaya.

"Wannan fa? Wa ke jinya a gidan nan?"

"Na ɗanki ne, Umma. Shi ya fi so..."

"Ɗan nawa? Wanda na haifa?"

’Yar Gwaggo, wadda Umma ta so ya aura tun farko, ta taso tana yauƙi da ƙaton tire. Soyayyun kaji ne, suna ta naso kamar an tsamo su daga rijiyar mai.

"Yaya, ga naka. Namiji mai jan babbar mota ai ba da ganye ake riƙe shi ba."

Auta ta ɗago ta dubi mijinta.

Kalma ɗaya take jira. Ɗaya tak!

Direba, mijin nata, ya jawo tiren gabansa, ya yagi cinya, ya ce da baki cike, "Ku dai bari kawai. Tunda na yi aure na koma zomo. Kullum sai na shafa kunnuwana in ji ko sun ƙara tsawo!"

Falon ya ɗauka gaba ɗaya. Har da mai buga cinya, har da mai share hawaye.

Auta ta mayar da murfin a hankali, ta miƙe.

Ba wanda ya san sirrin abincin a falon nan sai su biyu. Watannin baya shi ne ya dawo daga aiki jiki a sanyaye, ya ɗora kansa a cinyarta. Likitan kamfani ya ce jininsa ya hau, ƙiba ta yi masa yawa. Bayan hutu za a sake auna kowane direba, wanda jininsa bai sauka ba, ba shi ba makullin mota.

"Autata, ki rufa mini asiri," ya ce a ranar. "Kada su Umma su ji, raina ni za su yi."

Ta kuwa rufa. Ta koyi cire fatar kaza, ta koyi gashi da turarawa. Ta sauya masa faranti zuwa ƙarami, ta maye gurbin lemon kwalba da kankana da ruwan sanyi. Da yamma ta ja shi su zaga unguwa a ƙafa. Har bel ɗinsa ya fara yi masa yawa, yana juyi gaban madubi yana cewa, "Ke, kin ga saurayi?"

Yau kuma ita ce abin dariya.

A hanyar gida ya lura da shirunta.

"Haba Autata, wasa ne fa..."

"Na sani, Yallaɓai."

Yallaɓai. Ba Nawan ba, kamar yadda ta saba kiransa. Bai kula ba, ko kuma ya yi kamar bai kula ba.

Da gari ya waye ta aika aka sayo mata galan na mai.

Ƙwai ta soya masa yana iyo, ta lafta wa burodi bota har tana ɗiga, ta kaɗa shayi da madara mai kauri da sukari kamar da gayya. Da gayyar ce ma.

"Kai! Yau sarauta aka ba ni?"

"Ci abinka, Yallaɓai. Ai namiji ba a riƙe shi da ganye."

Ta zauna gabansa da ’yar gwandarta da dafaffen ƙwai, tana ci tana murmushi.

Haka hutun ya tafi. Rana soye, dare soye. Zagayen yamma ya mutu murus, in ya yi zancensa sai ta ce ƙafarta ke ciwo, ta miƙo masa kek. ’Yar Gwaggo ta samu ƙofa, kullum tana tafe da tire da sabon turare, Auta na yi mata maraba har da kawo kujera.

"Sannu da ƙoƙari, ’yar uwa. Ƙara masa, ai bai ƙoshi ba."

Ita kuwa ko loma ɗaya ta maiƙo ba ta kai bakinta ba. Tana nan shar da ita, fata na sheƙi, shi yana cika yana batsewa. Ta ga ranar da maɓallin rigarsa ya fice ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta ga yadda yake haki in ya sunkuya ɗaura takalmi. Duk ta gani, zuciyarta na cewa, ƙara dai!

Sau ɗaya ta kusa karaya. Ta leƙo daga kicin ta hango shi ya dafe ƙeya, ido a rufe. Hannunta ya tsaya cak a kan gishiri.

Sai dariyar falon nan ta dawo mata a kunne.

Ta barbaɗa.

Ranar da aka koma aiki, tun kafin azahar ya dawo. Umma ta zo duba su, ’yar Gwaggo na gefenta da tiren da ta saba. Ya shigo ba sallamar kirki, ya zube a kujera.

"Lafiya, ɗan nan? Ina motar?"

"Sun karɓe makullin, Umma." Ya goge fuska da tafin hannu. "Jinina ya hau fiye da da. Sun ba ni wata guda. In bai sauka ba... shi ke nan aikin."

Umma ta dafe ƙirji, ta juyo kan Auta kamar za ta cinye ta.

"Ke wace irin mace ce? Kina gani miji na kumbura, kina ta ɗura masa mai? Kashe mini shi za ki yi?"

"Wallahi ni da ni ce a gidan nan..." ’yar Gwaggo ta fara.

"Da ke ce me?"

Auta ce. Ita da ba a jin muryarta a gaban manya.

"Tiren da ke hannunki, ganye ne a ciki? Umma, ki gafarce ni, amma da na kawo abin da zai tsare lafiyarsa, a falonki aka tambaye ni wa ke jinya. To ga mai jinyar nan zaune. Ku tambaye shi!"



Direba ya sauko daga kujera, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Gaskiyarta ne, Umma. Tun watannin baya likita ya gargaɗe ni. Ni na roƙe ta ta ɓoye. Ita ta sauke mini jinin nan da hannunta, ni kuma na saka mata da dariya a gaban mutane."

Umma ta ƙura wa ɗanta ido. Can ta juya ga ’yar Gwaggo.

"Ke kuma kin tsaya kallon me? Ɗauki tarkacenki mu tafi."

A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, ba ta waiwayo ba.

"’Yar nan... ki kula mini da shi."

Da suka rage su biyu, Auta ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, amma idonta ya ciko.

"Da gangan na yi. Kowane cokali da gangan na zuba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar da na koma Yallaɓai."

"To don me ka ci? Don me ba ka ce in daina ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Da wane bakin zan roƙi abin da na yi wa dariya?"

Nan hawayen suka zubo. Ta yi zaton ranar nan daɗi za ta yi mata, sai ga shi lafiyarsa da aikinsa na neman salwanta, kuma ita ta jawo.

"Da wani abu ya same ka a kan hanya fa? Mugu kawai! Mugu!" Tana dukan ƙirjinsa tana kuka.

"Na ji, ni mugu ne. Ki yafe mini, hasken idona."

"Ban yafe ba."

"To yaushe?"

"Sai ka karɓo makullinka... Nawan."

Washegari da sassafe ta tashe shi, ta saƙala masa kwandon cefane a hannu, ta ce yau shi zai zaɓo kabejinsa da kansa, kuma a ƙafa. Hanyar masu kayan lambu ta gaban garejinsu ta bi, inda abokansa direbobi ke zaman shayi suna tsokanar duk wanda ya gifta.

Akwai wata hanyar ta baya, ta ma fi kusa.

Auta ba ta bi da shi ta can ba.