Dubu da Ɗaya

Akwai wata yarinya a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Filinge. Ta iya lissafi, amma gaskiya kanta ya fara kumbura. Ba ta gwada abu a allo, sai dai ta duba ta yanke.

Da damina ta kama, aka kawo dashen gawo cikin ledoji, za a raba wa ƙauyuka bakwai. Mushe Manzo, malaminsu, ya ce ta ƙirga.

Ta ƙirga har sau biyu. Dubu ɗaya da ɗaya.

"Wannan lamba mara ce, ba cika ba," ta ce wa ƙawarta Lantana. "Ba ta rabuwa. Ɗayan nan shi ya ɓata ta."

"Ki tambayi Mushe mana."

"Ni? Mi zan tambaya?"

Ta ɗauki dashe guda ta miƙa wa wata akuya ta bayan danga. Akuya kuwa ba ta yi gardama ba.

Ranar rabo, kowane ƙauye ya samu ɗari da arba'in da uku. Da aka zo kan na bakwai, wani dattijo, Baushe, ya ƙirga nasa a amalanken jaki. Ya sake ƙirgawa.

"Mushe, guda ba ya nan. Rami ɗari da arba'in da uku munka gina, kowane yaro da nashi. Wane ɗa zan ce wa babu?"

 Yarinyar ta jawo allo ta raba dubu da ɗaya gida bakwai. Ya fita cif, babu saura. Ta gwada da sha ɗaya, ya fita. Da sha uku ma haka. Ta saki baki. Da ta raba dubun da take yabo gida bakwai, sai ga saura shida. Alli ya faɗi daga hannunta.

"Mushe, ni ce," ta ce. "Na ba akuya."

"Akuya?" Mushe Manzo ya riƙe haɓa.  "Ɗiyata, mara ba ta rabuwa gida biyu, shi ke nan. Wa ya ce miki sauran gidajen ma sun ƙi ta?"

Kunya ta kama ta sosai. Ta durƙusa ta ba Baushe haƙuri.

A gida ta gaya wa babanta komai. Ya kai ta gona, suka haƙo ƙaramin gawo da ƙasarsa. Ranar kasuwa ta kai wa Baushe da hannunta.

"Na Saminu ne, jikana," in ji dattijon, yana dariya. "Kwana huɗu yana tsaron raminshi."

Daga ranar ta gane: kada ka yanke wa abu hukunci da kallo. Ka gwada tukuna, in ba ka sani ba ka tambaya.