Haƙorin da Ba a Yanka Ba

A ofishin shugaban makaranta suka fara haɗuwa. Autata tana koyar da 'yan aji ɗaya, masu famfara. Shi kuma ya zo daga jami'a da 'yan kwalabe a jaka, yana neman iyaye su yarda su ba shi haƙoran da yaransu suka zubar. Ta shigo karɓar alli, ta ji bayaninsa, ta yi dariya. Ya juyo ya ga wushiryarta, ya tsaya yana kallonta.

"Malam, duk sana'o'in duniya ka rasa sai tsintar haƙori?"

"Ba tsinta kaɗai ba, Malama. Karanta su nake yi."

Ya ce mata haƙorin yaro layi-layi ne a ciki, kamar kututturen itace. In aka yanka shi siriri aka sa a na'ura, ana ganin lokacin haihuwa, da lokacin da jariri ya sha wuya. Da haka suke gane yadda rainon yanzu ya bambanta da na mutanen da. Ni karatuna bai yi nisa ba, yadda ta faɗa mini nake faɗa.

Daga nan waya ta hana ta sakat. Wata rana tana wanke-wanke ta ce in riƙe mata, na gani:

"Wushiryata, yau na duba haƙora har idona ya yi ja, ban ga mai kyan naki ba."

Ta goge hannu ta mayar masa: "Ɗan Haƙori, nawa suna bakina. Mai so ya zo gaban Baba."

Babanta tela ne. Mai kemis na bakin layinmu, wanda ya daɗe yana kawo ɗinkin da ba ya buƙata don dai ya ga Auta, ya riga ya kai masa labari wai yaron sayar da haƙoran yake yi.

"Zancen mai kemis bai dame ni ba, na san ciwonsa," in ji Baba. "Amma mutumin da ya saba yanka abin jikin yaro ya manna masa lamba, ya daina ganin mutum. Gobe ke ma lamba ce."

"Baba, ba zan yi musu da kai ba, kuma ba zan auri wani ba. Ka dai gan shi."

Kafin Auta mun yi ɗa namiji. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana aji biyu. Ko hotonsa ba mu da shi, sai haƙori ɗaya a ƙulle cikin ƙyalle, a aljihun keken ɗinki.

Ranar da saurayin ya zo shago ina gefe ina guga. Bayan gaisuwa Baba ya jawo aljihun ya miƙa masa ƙullin.

"An ce tsofaffin haƙora na muku wuyar samu. Ga wannan. Ka yanka, ka faɗa mini abin da ka gani."

Saurayin ya kwance a hankali. Ya ɗan dubi haƙorin, amma ƙyallen ya fi daɗewa yana kallo.

"Baba, na wane ne?"

"Karatu aka ce kana yi ko tambaya?"

"Ba ma yankawa sai mai abu ya san me zai rasa. In na yanka, ba ya komawa yadda yake. Kuma ƙyallen nan ya sha hannu. Akwai mai buɗe shi kullum."

"In ba za ka yanka ba, ka bar zancen Auta."

Auta tana bakin ƙofa, ta riƙe labule da ƙarfi. Ya dube ta, sannan ya ɗaure ƙullin kamar yadda ya same shi, ya ajiye a kan keke da hannu biyu.

"Zancen Auta ba zan bari ba, Baba. Zan yi ta zuwa gaishe ka har ka gaji da ni. Wannan kuwa ba zan yanka ba."

Baba ya ɗora ƙafa a keke amma bai taka ba.

"Uwarsa ce ke buɗewa," ya ce. Can ya ƙara: "Ni ma ina buɗewa."

Sai saurayin ya gyara zama ya ce, "Wane irin yaro ne shi?"

Shekara da shekaru babu wanda ya yi mana wannan tambayar. Baba ya fara ba shi labarin yadda marigayin yake satar alli yana zana mota a bangon shago. Har rigar da nake gogewa ta ƙone ban sani ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo wa Auta: "Wushiryata, na ci ko na faɗi?"

"Baba ya ce ka zo a auna ka."

Baba da kansa ya ɗinka rigar ango, yana mita wai kafaɗar ɗan boko ba ta riƙe riga. Ranar ɗaurin aure ya ɗora musu hannu a ka ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu tsawon rai. A "tsawon rai" ɗin nan muryarsa ta karye, ni na ƙarasa da amin.

Haƙorin yana nan a aljihun keke, bai rabu biyu ba. Allah ya jiƙan mai shi, ya yi wa gidan ƙanwarsa albarka.