Saƙon Da Na Goge A Zauren Gombawa

Da faɗa muka fara, ni da Suhaib, kuma a gaban mutum ɗari biyu da wani abu.

Zauren Gombawa guruf ne na waya, ni ce ɗaya daga cikin admin uku. Dokarmu ɗaya ce: duk sabon shiga ya faɗi sunansa, unguwarsu, da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a unguwar. Wannan ya yi kukan ruwan famfo, wancan ya turo hoton kwarin da ke cin bayan gidansu, a yi ta tsiya ana dariya.

Ran da ya shigo ga abin da ya rubuta: "Sunana Suhaib, mai haɗa sola. Ina Tumfure. Matsalarmu ɗaya, kafin keke ya kawo ka cikin gari ka yi gemu."

Ni kuwa bakina ba ya gani ya ƙyale.

"To wa ya aike ka gina gida a gonar mutane?"

"Malama admin, ke 'yar ina ce da kike mana gori?"

"Najiba, Hammadu Kafi!"

"A nan aka binne cibiyarki?"

"A'a, Gabukka. Gidan haya mai tsamiya a bakin rijiya."

Can sai ga saƙonsa, ni kaɗai.

"Wane ɗaki?"

"Na ƙarshe, kusa da madafi. Haka Gwaggo ta ce."

"Ikon Allah! Mu muka tashi zuwa Katsina kuka shiga. Kin ga tun kafin ki zo duniya na share miki wuri."

Na karanta layin nan ya fi sau goma. Ba zan yi ƙarya ba, a ranar na kamu.

Shekara guda muka yi. Ya zo zance a keken da yake zagi, ya zauna nesa da ni a kan benci, ko gefen mayafina bai taɓa taɓawa ba. In na tsokane shi da ustazanci sai ya yi murmushi.

"Hannun nan naki nawa ne, Jiba. Ba na son in ci bashinsa, ranar ɗaurin aure zan karɓa gaba ɗaya."

Baba, Malam Sallau mai yadi, ya yi bincike irin na uban da ya raini marainiya. Ya tambayi liman, ya tambayi mai unguwa, ya tura har Katsina aka tono asalinsu. Muka yi gwajin jini, komai lafiya lau. Aka kawo lefe, aka sa rana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba yana dariya da ƙarfi ba sai a kwanakin nan, don Ummana ta rasu ina da kwana tara, kuma har yau ba ya iya kiran sunanta.

Saura kwana goma sha tara biki wata ta shigo guruf, ranar Litinin da hantsi.

"Sannunku! Sunana Jummy, malamar firamare. Ina Gabukka, gidan mai tsamiya. Matsalarmu jemagu, sun hana mu shanya."

Na kusa yar da wayar don murna. Jummy! Gwaggo ta sha ba ni labarin Maman Jummy, Mama Millicent, 'yar Kaltungo, maƙwabciyar da ta haɗa ni da jaririyarta ta shayar da mu bayan rasuwar Umma.

"Jummy, ni ce Najiba 'yar Malam Sallau! Aure zan yi, kuma angon ma ɗan gidanku ne, Suhaib ɗan Hajiya Rabi."

"Wayyo Allah! Tsaya in gaya wa Mama, tana nan kusa."

Bayan ɗan lokaci saƙon murya ya shigo, minti huɗu da rabi. A Zauren Gombawa ba mai sauraron saƙon da ya wuce minti ɗaya, ko na rabon kuɗi ne. Ni kaɗai na danna.

Muryar tsohuwa ce, tana rawa don farin ciki.

"Najiba 'yata! Ashe kin girma? Kai, Allah na gode maka! Da Suhaib nawa? Yaron nan ai ni na riƙe shi lokacin da Rabi ta kwanta asibiti da ciwon nono, yana wata huɗu. Sati uku yana sha tare da Kenneth nawa. Ke kuma wata bakwai kika sha. Kin gani? Nono ɗaya kuka sha, yanzu za ku zama gida ɗaya! Ni ce uwar amarya, ni ce uwar ango..."

Ban ji sauran ba. Kunnuwana suka toshe, cokalin da ke hannuna ya faɗi. Ko 'yar aji biyu a Islamiyya ta san wannan: waɗanda suka sha nono ɗaya wa da ƙanwa ne, babu aure tsakaninsu har abada.

Na duba. Ba wanda ya saurara. Suhaib yana ƙauye yana ɗaura sola, inda babu sabis.

Na danna saƙon, na goge shi ga kowa. Ikon admin ne, kuma ban taɓa amfani da shi a kan komai ba sai tallar 'yan damfara.

Kwana uku ina yawo da dutse a ƙirji. Gwaggo tana jera min kwanuka tana guɗa, Baba yana rubuta sunayen waɗanda za a kai wa goro. Na tsaya sallah, na rasa me zan roƙa. In ce Allah Ya rufa min asiri? A kan me? A wurin wa?

Suhaib ya kira ranar Laraba, da ya dawo gari.

"Rabin raina, muryarki ba daidai take ba."

"Mura ce."

"An gama fentin ɗakinki. Kalar da kika ce, ruwan ƙwai. Mai fentin ya ce amaryar nan akwai iyayi."

Na yi dariya, na kashe wayar, na cusa kaina a filo.

Ranar Alhamis na hau keke zuwa Gabukka. Addu'ata ɗaya a hanya: Allah Ya sa tsufa ne, ta haɗa shi da wani yaron.

Tsamiyar tana nan, rijiyar an rufe ta da kwano. Mama Millicent tana tsince wake a tire. Tana ɗago kai ta watsar da tiren.

"Fuskar Hadiza! Wayyo, fuskar Hadiza sak!"

Sunan Ummana ke nan. Ta rungume ni. Jikina ya saki, don ban taɓa sanin ƙanshin uwa ba, amma na rantse hancina ya gane wannan.

"Mama, yaron da kuka shayar... kun tabbata Suhaib ne?"

"Ah ah! Zan manta ɗana? Yana da baƙin tabo a bayan kunnen hagu, kamar ƙwayar gero. Ga cizo! Tun ba haƙori yake cizo."

Na san tabon. Na sha kallonsa in ya juya zai tafi.

Kuka ya ƙwace min. Jummy ta fito da gudu daga ɗaki.

"Sista, mene ne? Ni na yi ta mamaki da kika goge saƙon Mama."

Da ƙyar na yi musu bayani. Mama ta zauna daɓas a kan turmi, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Ni ban sani ba... Wallahi ban sani ba, 'yata. Yaro yana kuka, uwa ba ta nan, ni ina da nono. Me zan yi? In bar ku ku mutu?"

"Ba laifinku ba ne, Mama."

"Babanki ya je wurin liman, ya je Katsina, kin ce. Ni ina nan shekara talatin, ba wanda ya zo ya tambaye ni!"

Ta share ido da bakin zani, ta matso, ta rage murya.

"Ji nan. Mu uku ne muka sani. Ni tsohuwa ce, zan ce na ruɗe. Jummy ba za ta faɗa ba. Ki je ki yi aurenki."

Allah Ya gani, na so in ce to. Na ga ɗakin mai ruwan ƙwai, na ga dariyar Baba. Bakina har ya buɗe.

Sai na kalli ƙirjin matar nan, wadda ta shafe wata bakwai tana ba ni abin da ba ta bin kowa bashinsa. Yau kuma in sa ta yi ƙarya, ta ce ba ta yi ba?

"A'a, Mama. Kun ba ni na halal. Ba zan mayar da shi abin ɓoyo ba."

A tsakar gidan na kira Suhaib a waya. Ya iso bayan la'asar, da ƙurar aiki a wandonsa, yana ta fara'a.

"Gidanmu na gado! Jiba, surprise kika haɗa min?"

"Zauna, Suhaib."

Na kunna masa saƙon, don na ajiye shi a wayata kafin in goge. Ya saurara har ƙarshe, minti huɗu da rabi, fara'ar tana zagwanyewa a hankali.

"A'a... a'a. Hajiya ba ta taɓa faɗa min ba."

Ya kira ta, ya sa a sifika.

"Hajiya, lokacin da kuka kwanta asibiti ina jariri, wa ya shayar da ni?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Maman Kenneth ce mana, Allah Ya saka mata. Me ya faru?"

"Ita ta shayar da Najiba."

Sai muka ji salati, da ƙarar wani abu ya faɗi.

Ya kife wayar a cinyarsa. Idonsa ya yi ja.

"Tun yaushe kika sani?"

"Litinin."

"Kika goge?"

"Na goge."

"To me ya sa ba ki bar shi a goge ba, Najiba? Me ya sa?! Da ban sani ba, da babu ruwana!"

"Ni na sani ai. Da wane ido zan kalle ka a ɗakin nan?"

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin namiji yana kuka haka ba. Mama ta lallaɓo ta dafa kansa, yatsanta a kan tabon nan, tana cewa ku yafe min, ku yafe min. Ya riƙe hannunta ya girgiza kai.

"Mama, da ba ku ba, da babu wanda zai yi kukan ma."

Mun daɗe a haka. Da aka fara kiran magariba ya miƙe, ya goge fuska da hularsa.

"Tashi in raka ki. Ba za ki gaya wa Baba ke kaɗai ba."

Na gyara mayafina zan tashi. Sai na ga ya miƙo min hannu.

Na tsaya ina kallonsa. Shekara guda ina jiran hannun nan. Na sha ƙirga kwanakin da suka rage ya halatta in riƙe shi, kuma ga shi ya halatta tun saura kwana goma sha shida.

Na sa nawa a ciki. Yana da kaushi, yana da ɗumi, kamar yadda na zata.

"Taso, ƙanwata," ya ce, muryarsa ta karye a tsakiya.

Na buɗe baki sau biyu kafin kalmar ta fito.

"To, Yaya."