Kowane Babi da Lambarsa

Ranar da Muhtari ya fara shiga shagon buga takardu na Hajiya Fatimatu, kusa da ƙofar kwalejin kimiyya ta Ƙaura Namoda, rabin sallama kawai ya yi. Barakatu, ɗiyar wan Hajiyar, ta ɗago kai daga kwamfuta, ta gyara hijabi.

"Malam, ƙarasa sallamar, sannan mu ji abin da ke tafe da kai."

Sabon malamin lissafi ne, mutumin Shinkafi. Littafin darasi ya rubuta wa ɗalibansa, yana so kowace jimlar lissafi ta sami lambarta cikin baka biyu a gefen dama, a jere daga ɗaya har ƙarshen littafi, don in ya ce "duba ta arba'in" ɗalibi ya same ta. A shagon nan kuwa da hannu ake sa lambobin, ɗaya bayan ɗaya.

Aiki ya ƙare, sai ga shi ya dawo, wai ya manta wata jimla a babin farko. Shigarta na nufin duk lambar da ke bayanta sai ta matsa, har da kowane wurin da aka ce a duba kaza. Wuni guda yana kan benci yana karanto mata. Ba a jima ba ya sake mantuwa.

To, kifi na ganinka mai jar koma. Barakatu ta lura mantuwar nan ba ta taɓa faɗawa ƙarshen littafi ba, kullum sai farko. Ba wai ba ta son zaman nasa ba ne, har shayinsa ta san yadda yake sha. Amma shari'a ba ta daɗe da tsayuwa a Zamfara ba, ido na kan kowa. Ga kuma Sirajo, dillalin hatsin da ya taɓa neman aurenta ta ce ya yi haƙuri, ya fara yawo da zance a kasuwa: wai ɗiyar malamai tana wuni da namiji a bayan labule. Shagon da ko labule babu!

Wata safiya saƙo ya shigo wayar salularta:

"Sarauniyar lambobi, na sake tuno wata jimla. Gobe ina tafe."

Ta amsa:

"Malam Mantau, na raba lambobinka babi-babi: 1.1, 1.2, sannan 2.1. In ka ƙaro wata, sunanta 1.2a, babu wadda za ta motsa. Aiko da ita kawai. In kuwa ni kake son gani, gidanmu na Zurmi yana da ƙofa."

Sai dai zancen Sirajo ya riga Muhtari isa Zurmi. Malam Tambari, mahaifinta, malamin zaure wanda ba a mayar masa da magana, ya aika ta zo.

"Daga yau kin bar shagon nan," in ji shi. "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Barakatu ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ko wuta ka ce in shiga zan shiga. Amma in na bar shagon yau, da hannuna na mayar da ƙaryar Sirajo gaskiya. Ban yi abin kunya ba, ba zan yi gudun mai laifi ba."

Ana cikin haka aka yi sallama: Muhtari ne da kawunsa Lado. Barakatu ta koma bayan ƙofa, ta kasa kunne.

Bayan gaisuwa Malam ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne na Shinkafi? Mi ya zaunar da kai shagon mata?"

Muhtari ya share gumi. "Allah shi gafarta Malam, laifina ne. Da gangan nake cusa jimla a farkon littafi don aiki ya dawo ɗanye, in sami dalilin zuwa. Ita ce ta toshe mini hanyar."

"Ta yaya?"

Daga bayan ƙofa aka ce, "Baba, kamar yadda kowace sura ke fara ƙirgen ayoyinta daga ɗaya. Haka na yi wa kowane babi. Yanzu ko ya ƙara, babu aikin da zai zaunar da shi."

Malam ya shafa gemu.

"Ɗiyar da ta rufe wa namiji ƙofar uzuri da hannunta ba ta buƙatar in ɗaure ta," ya ce. "Kai kuwa ka wahalar mini da ita. Mai neman ɗiyar mutane ta zaure yake bi, ba ta lissafi ba."

"Mun ɗauki laifi, Malam," in ji Lado. "Ga mu a zauren."

"Baba," muryar ta sake fitowa, "a faɗa mishi tun yanzu, ko bayan aure ba zan bar aiki ba."

"Wa ya isa?" in ji Muhtari. "To wa zai buga mini littafi na biyu?"

Malam ya ɓoye murmushi cikin rawani. Ramin ƙarya ƙurarre ne: bayan Sallah ƙarama aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Sirajo na sahun baya, ya shafa fatiha da kowa.

Da amarya ta tare a Ƙaura, Muhtari ya sunkuyo ya ce, "Sarauniya, kin san na manta wata jimla?"

"Ta jira babi na gaba, Malam Mantau," in ji Barakatu. "Wannan daga ɗaya muka fara."

Allah shi ba su zaman lafiya, shi albarkaci abin da za su haifa.