Motar da Ba Ta Sallama

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Hayatu ya zare wayar caji daga jikin motarsa a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola, ya yi jifa da ita kamar ita ta yi masa laifi. Girei zai je ya ɗauko 'yarsa Yusrah daga gidan Gogo, yayar mahaifinsa. Hutun kwana biyu yarinyar ta je, ga shi ta shiga sati na uku, domin motar ubanta ta daina iya ƙetare gadar Binuwai. Shi kuma ya rantse ba mai ganinsa a keke mai ƙafa uku, bayan duk cika bakin da ya yi a garin nan.

Motar lantarki ce, fara tas, ba ta shan mai. Da fetur ya yi tsadar da mutane suka jingine motocinsu, Hayatu mai sayar da kayan sola a unguwar Dubeli ya sa aka kawo masa ita daga Legas. Ya riƙa bi ta gaban gidan mai a hankali, gilashi a sauke, don masu layi su gani su ji haushi.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai. In tana tafiya a hankali wani kuka take yi, wuuu, wanda masu ƙera ta suka saka don mai tafiya a ƙasa ya ji zuwanta. 'Yan keke suka raɗa mata suna firji mai taya. Ranar da wata mai awara ta faɗa masa haka a fuska, bai tsaya ko'ina ba sai garejin Zadok mai gyaran wayoyin mota. Zadok ya ce a bar abin nan, wanda ya saka ba mahaukaci ba ne. Hayatu ya tambaye shi ko shawara aka zo saya. Zadok ya ɗauki filaya ya datse wayar. Mota ta koma shiru, ko kyanwa ta fi ta motsi.

Bappa Bobboyi, ƙanin mahaifinsa, tsohon direban hanyar Mubi ne. Da ya shiga motar ya ji shirunta, sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ce shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, ya yi ta jigilar masu gudu zuwa Yola, kuma cikin masu tafiya a ƙafa ya ga waɗansu dogaye da ba sa barin sawu. Ƙarar bam ce ta koro su daga duwatsunsu, su ma da goyonsu. Ba su ƙetare Binuwai ba. A kwalbatin da ke gaba da Sangere, gindin tsamiya, nan suka sauka. Da magariba 'ya'yansu kan hau kwalta su sha ɗuminta, shi ya sa duk direban hanyar yake danna hon sau uku kafin ya isa.

"Motar mai ko direba ya manta, inji zai yi masa magana," in ji Bappa. "Taka fa ba ta sallama, Hayatu."

Hayatu ya ce shi bai sayi mota ƙirar ƙasar Sin don ya riƙa gaida kwalbati ba.

Ranar da ya kai Yusrah, a hanyar dawowa, daidai kiran magariba, ya wuce wurin hannunsa bai ko kusanci hon ba. Gum! Ya taka birki, ya fito, ya buɗe ƙofar baya ya ɗauki tocila. Ba akuya, ba kare, ba ko kwarzane a jikin mota. Warin jiƙaƙƙen toka kawai. Ya mayar da ƙofa ya rufe, ya kama hanya.

Daga ranar mota ta lalace, irin lalacewar da ke sa mutum ya zagi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙararrawar bel ɗin kujera ta kama ƙit-ƙit-ƙit, allo na nuna akwai mutum a kujerar baya. Batirin da ke kai shi Numan ya dawo da shi, yanzu daga gida zuwa Dubeli ya zube. Da safe gilashin baya ya yi gumi ta ciki. Makanike na farko ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce Alhaji ai an sace maka inji. Na biyu ya zo da galan ɗin baƙin mai yana neman inda zai ɗura. Zadok ya jona kwamfuta, ta zubo rubutun Sinanci layi-layi, suka tsaya suna kallon juna. Dillalin Legas kuwa, Allah ya isa! Ranar sayarwa har "ranka ya daɗe" yake cewa da bakin da bai iya Hausa ba. Da matsala ta zo sai ya ce a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna. Ya ce a ɗoro ta a tirela a kawo Legas, kayan gyara sai nan da wata huɗu. Daga nan ya daina ɗaga waya. Sun sayar wa mutum mota a garin da ba mai iya kwance ko noti ɗaya a jikinta, sun koma sun kwanta.

A ƙarshe Zadok ya ɗaga kujerar baya, ya ciro na'urar da ke jin nauyin mutum gaba ɗaya, ya riƙe ta a tafin hannu. Ƙararrawa ba ta fasa ba. Ƙit-ƙit-ƙit.

"Oga, wannan ba aikin waya ba ne," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ni irin wannan coci nake kaiwa. Kai ka nemi malam."

Hayatu ya ce in bai iya aiki ba ya faɗi gaskiya, ya daina laɓewa bayan aljanu.

To yau rana ta yi kyau, wuta ma ta zauna, batiri ya cika fal. Abin mamaki, da ya hau gadar Jimeta mota ta miƙe kamar sabuwa. Ya wuce Hayin Gada, ya wuce Sangere, batiri bai ragu da ko ɗigo ba. Sai da ya doshi tsamiyar ƙararrawa ta haukace, sitiyari ya riƙa fizga zuwa gefen kwalbati. Ya riƙe da hannu biyu, ya zagi uwar wanda ya ƙera motar, ya wuce. Maganar Bappa ta faɗo masa. Don ta faɗo masa ɗin ma ya ƙi danna hon.

A Girei Gogo ta ce ya tsaya a yi magariba, ba a fita da yaro a wannan lokaci. Ya ce batiri ba ya jiran salla. Ta bi shi har ƙofar gida tana faɗa da Fulatanci, bai waiwaya ba. Yusrah, 'yar shekara takwas, ta shiga baya da ledar dakkere, dambun Fulani, a cinya. Maimakon ta zauna a tsakiya yadda ta saba, sai ta matse jikin ƙofa.

Rana ta faɗi. Gonakin masara sun yi duhu, sama ta yi ja. Ba abin da ake ji sai shuuu na taya a kan kwalta, da ƙit-ƙit-ƙit.

"Baba," Yusrah ta ce a hankali, "wai ƙafarta na ciwo."

Ya tambaye ta ƙafar wa.

"Yarinyar nan. Ta ce ta daɗe a nan, ba ta san hanyar gida ba."

Ya daka mata tsawa ta rufe masa baki. Bai kalli madubi ba. Wuyansa ya ƙi juyawa.

Ga tsamiya. Ga kwalbati.

Mota ta mutu.

Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba. Allo ya ɗauke, fitilu suka ɗauke, ta gangara gefen titi da kanta ta tsaya. Ƙararrawar da ta yi sati uku tana cin ransa ta yi tsit. Makullan ƙofa suka faɗa, ƙwas, duka huɗu.

Warin jiƙaƙƙen toka ya cika motar.

Ya danna maɓallin tayarwa. Ya danna hon da tafin hannu, ya danna da gwiwar hannu. Ko ƙis. Kwaɗin da ke kuka a fadama suka yi shiru lokaci ɗaya.

Ƙwas. Ƙofa ɗaya ta buɗe. Ta Yusrah.

Yarinyar ta ajiye ledarta, ta sauka. Ya kira ta. Ta taka kwalta a hankali kamar mai tafiya cikin barci, ta je tsakiyar titi ta tsaya, ta juya wa Girei baya.

Ya ja hannun ƙofarsa har roba ta karye. Bel ya ƙi kwancewa, ya ɗaure masa ƙirji.

A lokacin ya ga akwai mai tsayuwa a jikin tagarsa. Doguwa ce, kanta ya wuce rufin motar, sai da ta ranƙwaso. Zane baƙi. Fuskar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kamar abin da ake gani a ƙasan ruwa. Numfashinta ya sa gilashi gumi.

Tsoro ya zo masa da fushi, don shi bai san wata hanya ba. Ya ce wace ce ita, me ya yi mata, titin na ubanta ne? Ya fara ayatul kursiyyu, harshensa ya harɗe a tsakiya.

Ba ta ɗaga murya ba. Maganar a cikin kunnensa ta sauka.

"Mun gudo daga ƙara. Mun ce a nan ko ba komai za mu ji abin da ke zuwa. Kowa na sallama. Kai ka zo kamar ɓarawo, ka take 'yata, ka tafi da ita hayin kogi."

Can daga wajen Girei fitilu biyu suka ɓullo. Manya. Tankar mai ce, ta sako gangara, yana jin rurin injinta tun daga nesa.

"Tawa ba ta ji ba," matar ta ce. "Taka ma ba za ta ji ba."

Ya ƙwala kiran Yusrah har maƙogwaronsa ya tsage. Yarinyar na wasa da bakin hijabinta.

Direban tanka ya danna hon. Ɗaya.

Hayatu ya doki gilashi da goshi.

Biyu.

Haske ya kama bayan Yusrah, inuwarta ta miƙe a kan kwalta. Ba ta motsa ba.

Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, ko uwar 'ya'yansa, ya haɗa hannu biyu a jikin gilashi.

"Ni na sa aka yanke wayar. An gaya mini, na ƙi ji. Ita ba ta san komai ba. Kunnen da ya ƙi ji nawa ne, ki ɗauki nawa."

Fuskar ta tsaya cak. Ya ga idanu. Bai taɓa gaya wa kowa yadda suke ba.

Wani abu mai sanyi ya taɓa kunnuwansa biyu.

Ƙwas.

Bai san yadda ya fita ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a mota. Ya suri Yusrah ta ƙugu, suka faɗa cikin ciyawar gefen titi, kafaɗarsa ta daki dutse.

Tanka ta wuce. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin cikinsa, iska ta watsa masa tsakuwa, ya ga bakin direba a buɗe yana zagi.

Bai ji komai ba.

Yusrah ta fashe da kuka, wannan ya ji shi sarai. Ya ɗaga kai. Doguwar ta sunkuya cikin kujerar baya, ta ɗauko wani abu ƙarami ta saɓa a kafaɗa, ƙafa ɗaya na reto. Ta gangara ƙarƙashin kwalbati.

Fitilun mota suka kawo da kansu. Batiri fal.

Tun daga ranar motar ba ta sake ko tari ba. Washegari ya kai wa Zadok ya mayar da wayar da ya datse, ya tsaya a kansa har ya gama. Zadok ya tayar, ya ja ta a hankali, ya ce ga kukan ya dawo. Hayatu ya ce to.

Likita ya duba kunnen ya ce lafiyarsa ƙalau. Yana jin magana, yana jin kiran salla, yana jin kukan sauro. Abin da ke tafiya a kan taya ne kawai ba ya ji. Tirela, keke, babur, duk sulalewa suke yi ta gabansa kamar kifi a ruwa. Sau biyu ana fizgo shi daga bakin titi a Dubeli. Yanzu in zai tsallaka, sai ya tsaya ya jira wani ya kama masa hannu, shi Hayatu, mai wuce layin gidan mai gilashi a sauke.

Ran Juma'a yakan kai Yusrah gaida Gogo, su dawo da rana tsaka. Kafin tsamiya yakan rage gudu, ya danna hon sau uku, sannan ya dubi madubi.

"Ta yi ƙara?"

"Ta yi, Baba."

Sai ya ƙara ɗaya.