Kowa Rabinta Yake So

"Ta ajiye karatun lauyan nan, Alhaji, in dai ɗana za ta aura!"

Hajiya ce ta faɗi haka, tana zaune a bakin kujerar falon, jakarta a cinya. Auta da ta shigo da farantin shayi ta yi turus. A kanta ake magana, amma ko kallonta ba a yi ba.

Shekarar ƙarshe take a jami'a, inda take haɗa digiri biyu a tafiya ɗaya, adabi da aikin lauya. Ta sha wuya har ta rame, safe lakcar waƙa da ƙagaggen labari, yamma kundin dokoki mai nauyin bulo. Saurayinta Dogo, mai gyaran janareta, shi ne ɗan Hajiya ɗaya tilo, kuma har an sa musu rana. Ga shi can a ƙasa kan dadduma, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata.

To me ya kawo wannan tashin hankali? Kotun gwaji! A makaranta akan shirya shari'ar wasa don ɗalibai su koyi aiki, kuma Dogo da zumuɗinsa ya ɗauki uwarsa ya kai ta kallo. Wani tsohon lakcara mai furfura ne ya fito a matsayin shaida. Auta ta miƙe cikin baƙar riga, ta yi masa tambaya kan tambaya har ya rasa ta cewa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Hajiya kuwa ta tashi ta fice.

"Da idona na gani," in ji Hajiya. "Dattijo sa'an kakanta ta ƙure a gaban jama'a! Gobe ni za ta tsayar a tsakar gida ta ce in kawo hujja. Ta riƙe adabin, wannan dai karatu ne na masu ladabi."

Abba, mahaifin Auta, ya dangwarar da kofinsa. "Adabi? Tatsuniya za ta ci? Ni tuntuni nake cewa ta watsar da waƙe-waƙen nan ta fuskanci abin da zai sa a kira ta Barista!"

Kun ji fa! Yarinya ɗaya, kowa ya wasa wuƙarsa zai yanki rabin da ya yi masa. Babu wanda ya tambayi mai jikin.

Da Hajiya ta tafi, Dogo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin babur.

"Auta, sori. Ko za ki ɗan ajiye lauyancin, na semesta ɗaya kawai, har ta huce?"

"Semesta ɗaya?" in ji Auta. "Ka san a haɗe suke. In na saki ɗaya, duka biyun sun tafi. Kai ma rabin kake so ke nan?"

"A'a wallahi! To ki je ki yi mata bayani mana. Ke da kika iya magana, minti nawa ne za ki kayar da ita?"

"Kayar da ita? Dogo, mahaifiyarka ce fa, ba shaidar kotu ba. In na yi nasara a kanta yau, da wane ido zan kalle ta gobe?"

Hawaye suka zubo mata. Dogo ya ji kunya ta rufe shi, ya hau babur ya tafi. Washegari ya durƙusa gaban uwarsa ya ce ba zai saɓa mata ba, ba zai yi aure ba da yardarta ba, amma kuma bakinsa ba zai sake cewa Auta ta bar karatu ba. Hajiya ta ce a ɗage ranar. Aka ɗage.

Abba kuwa, don haushin Hajiya kawai, ya rantse cewa 'yarsa sai ta gama duka biyun, har da tatsuniyar. Umma ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Amma Auta ba ta ga abin dariya ba. Ƙawaye suka sa ta gaba: "Ke dalla ki share su! Mace mai aji irinki, maza sun ƙare ne?" Ta toshe kunne. Duk ƙarshen mako sai ta je gaida Hajiya, Hajiya kuma ta zuba mata magana son ranta. Wata rana ta ce ta fasa mata kofi, alhali Auta ko kicin ɗin ba ta shiga ba. Wata rana ta ce ta harare ta. Wannan ai zalunci ne tsagwaronsa! Amsa na nan cike da bakin Auta, a jere, ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mata, amma sai ta haɗiye ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya."

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawar ƙarshe, ta sake zuwa. Hajiya na ninke kaya a ɗaki. Ta ɗago a fusace.

"Wai ke ba ki da zuciya ne? Na yi miki ƙarya, kin san ƙarya ce! Ina bakin da kika ƙure tsohon nan da shi? Ƙure ni mana!"

"Ba don ke na koye shi ba, Hajiya," Auta ta ce a hankali. "Don wanda aka danne ya rasa mai yi masa magana ne."

Zanin da ke hannun Hajiya ya suɓuce. Ta zauna a bakin gado. Can sai ga hawaye.

"Da mahaifin Dogo ya rasu," ta ce, "ƙannensa suka zauna a falona suna yanke inda zan koma da wanda zai riƙe mini ɗa. Ina bayan labule ina ji. Magana na cina, amma ban iya fitar da ko kalma ɗaya ba. Ranar da na gan ki a tsaye a kotun nan, ba rashin kunyarki ce ta ƙona ni ba. Kaina na tuna a bayan labule."

Auta ta matso ta riƙe hannunta, ita ma tana kuka.

"Tashi ki je ki yi karatu," in ji Hajiya tana share fuska. "Ki ci duka biyun. In kika faɗi ko ɗaya, ni da ke ne!"

Auta ta ci duka biyun, aka kuma yi auren. Da Allah ya ba su 'ya mace, Hajiya ta karɓe ta, ta leƙa ɗan bakinta, sannan ta dubi Auta.

"Wannan ki koya mata magana da wuri. Kar ta taɓa tsayawa a bayan labule."

Iyaye, in kuna son yarinya ku karɓe ta gaba ɗayanta, ku daina yankar rabin da ya yi muku. Ku kuma 'yan mata, ku nemi ilimi, ku iya magana, amma ku san wanda ake ɗaga wa murya da wanda ake yi wa haƙuri.