Gidan da Dogo Ya Goge

Abinci kawai na kai masa. Jikana Dogo ya kwana biyu ba ya dawowa gida sai mun yi barci, uwarsa kuma ciwon ƙafa ya hana ta hawa bene, shi ya sa na zuba masa a kula na ce ni zan je in ga abin da ya riƙe mini miji. Rana ta yi ja lokacin da na sauka daga motar haya. Ma'aikata duk sun watse. Maigadi yana alwala a bakin famfo, ya nuna mini matakala da haɓa ya ce, "Can sama, Iya. Shi kaɗai ya rage."

Na hau ina hutawa. Ofishin dogon ɗaki ne, tebura a jere, kowanne da kwamfutarsa a kashe, sai ɗaya can ƙarshe mai haske. Warin takarda da ragowar shayi. A kusurwa an tara kayan masu zagayen gidaje: jakunkuna, sikeli, da katakon awon tsawo, irin wanda ake tsayar da mutum a jikinsa a sauko da wani ɗan katako ya zauna masa a ka.

Dogo ya ɗago ido, jajir. Ya ce, "Amarya, wa ya sa ki hawa benen nan? In kika sume a matakala ni ba zan iya ɗaukarki ba."

Na ce, "Da waɗannan ƙafafun naka kamar na zalɓe? Karɓi ka ci, mijin banza, wanda ba ya kwana a gida."

Aikinsa lissafi ne. Ana tura mutane gida-gida su auna jama'a, su rubuta shekaru da tsawo da nauyi, a turo masa. Shi kuma ya rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ta haɗa ta fitar da matsakaici, a san ko yara suna girma yadda ya kamata. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na gane shi, kuma lamba ba ta ɓace mini.

Bai buɗe kular ba. Ya nuna mini allon kwamfutar ya ce, "Kaka, kin ga jan rubutun nan? Duk sanda na ce ta tafi, sai ta zo nan ta tsaya."

Na ja kujera na zauna. Ya ce da farko matsakaicin tsawon yara ne ya fito ya fi ƙofar ɗakin. Ya zaci wani ya yi awo da ma'auni daban, ya duba, ba haka ba ne. Ya zaci an manta ɗigo a tsakiyar lamba, ba haka ba ne. Ya zaci tara-tara-taran da suke sakawa in ba a san amsa ba ce ta shiga lissafi, ya cire ta, bai gyaru ba. Sai da ya bi layi-layi ya iske gida ɗaya, uwa da 'ya'yanta. Shekarun uwar sun haura ɗari bakwai. Autan wai bai kai yaye ba, amma tsawonsa mita uku.

Na ce, "Ka tambayi wadda ta auna su?"

"Na kira. Mijinta ya ce tun da ta dawo daga zagayen ranar ba ta sake magana ba."

"Sai ka yi yaya?"

"Abin da kowa ke yi. Na rubuta doka: duk wanda ya yi nisa da tsakiya sosai, a yanke shi. Aka yanke su."

"Mutane ka yanke?"

Ya yi dariya. "Lambobi, Kaka. Shara ce."

Daga nan, in ji shi, matsalar ta sake fuska. Gidan yana nan a wani fayil daban, na gidaje, yana cewa akwai mutane a cikinsa, kwamfuta ta nema ta rasa, sai ta tsaya. Shi ne ɗazu ya goge gidan ma gaba ɗaya.

Na ce, "To in aka zo neman su fa?"

Ya sosa ƙeya. "A nan na yi sakarci. Abin da ake fara koya mana shi ne kar a taɓa fayil na asali, a yi aiki da kwafi. Ni gajiya ta sa na adana a kansa. Babu wani kwafin." Ya miƙa hannu. "Bari in sake gwadawa, sai mu tafi."

Ya danna.

Rubutu ya yi ta gudu a allon, fari, fari, sai ja. Ya matso da fuska. Ya ce, "Yanzu kuma cewa take saura mutum ɗaya da ya wuce iyaka, ba a yanke shi ba."

"Waye?"

Na leƙa. Layi ɗaya ne tal. Shekarun da ke ciki na san su, don a hannuna aka haife shi. Tsawon ma ya san nasa ne.

Ya ce a hankali, "Ba wanda ya auna ni."

Fanka ta tsaya.

Can nesa ana kiran sallar magariba, sai na ji kamar an toshe mini kunne da auduga. Wani wari ya cika ɗakin, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonannen gashi.

A kusurwa sikeli ya yi ƙara. Ƙyas.

Ba kowa a kansa. Allurarsa ta juya, ta juya, ta kai ƙarshe. Gilashinsa ya fashe.

Na kamo hannun Dogo na ce, "Tashi mu tafi."

Aka fizge shi daga hannuna. Ban ga hannun da ya fizge shi ba, na dai ga jikana a sama, ƙafafunsa suna harbin iska. Aka bi da shi ta kan tebura, kwamfutoci suna zubewa, aka maka bayansa a jikin katakon awo. Katakon ya miƙe tsaye da kansa.

Na yi kansa ina salati. Wani abu mai sanyi ya mare ni. Na bugu da bango, bakina ya cika da jini, na tofar da haƙori a kan tayil.

Daga ƙasan nan na gan ta.

Ɗakin bai ɗauke ta ba. Ta ranƙwafa, wuyanta ya bi silin, kanta ya sauko ta gaban Dogo. Mace ce. Zanenta a jiƙe yake, yana ɗiga. Idanunta sun kumbura, irin kumburin mai kuka tun safe.

Ta ɗora yatsa ɗaya a kan ɗan katakon nan, ta sauko da shi ya zauna masa a ka.

Ta danna.

Na ji wuyansa ya ce ƙas. Jini ya ɓalle ta hancinsa.

Muryarta raɗa ce, amma har cikin ƙashina na ji ta. "Na shigar da yarinyarku gidana. Ta tambaya, na faɗa mata gaskiya. Na tsayar mata da 'ya'yana ta auna. Na waiwaya, babu autana. Na fita nema, na dawo, babu sauran. Ɗazu babu gidan."

Ta ƙara dannawa.

Gwiwarsa ta dama ta karye ta baya. Ƙarar kamar an taka busasshen itace. Bai iya ihu ba, katakon ya haɗe masa baki.

Ta ce, "Dokarsa ce. Ya wuce tsakiya."

Na rarrafa. Addu'a duk ta tsere daga kaina. Na kama gefen zanenta, sanyinsa ya ƙone mini tafin hannu. Na ce, "Baiwar Allah, nima uwa ce, na binne 'ya'ya. Yaron nan ya yi miki laifi, ban musa ba. Amma in kin niƙe shi, wa zai dawo miki da naki?"

Kan ya juyo. Numfashinta ya busa mini ɗankwali.

Ta sassauta yatsan kaɗan. Ba ta sake shi ba.

Dogo ya furzar da jini ya ce, "Kaka... babu kwafi. Sai an sake shigar da su da hannu."

Na ce mata, "Sake shi ya rubuta."

"A'a."

Ni na hau kujerar. Jinin bakina yana ɗiga a kan madannai. Dogo yana yi mini raɗa daga jikin katako.

"Hau sama. Layin da ya fara da doka. Sa masa alamar nan mai kama da shinge a gabansa, ta daina ganinsa."

Na nemo ta. Na sa. Layin ya dusashe.

"Buɗe fayil ɗin mutane. Sauka ƙarshe."

Matar ta fara faɗa, ni ina dannawa da yatsa ɗaya. Shekarunta. Tsawonta. Nauyinta. Na babban ɗanta, na mai bi masa, har kan autan. Da ta zo kansa muryarta ta karye, ta faɗi nauyinsa sau biyu don kar in yi kuskure.

Dogo ya ce, "Danna tafi."

Na danna. Fari. Fari.

Ja.

Katakon ya sauka. Ɗayar gwiwar ta tafi. Wannan karon ya yi ihu, ihun da har in mutu ba zan manta ba. Idanunsa suka juye.

Na ce, "Dogo. Dogo, kar ka tafi ka bar ni da na'urar nan. Me zan yi?"

"Karanta... ƙasan jan rubutun. Lambar layi."

Na karanta masa.

Ruwan zanenta yana ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ya ce, "Gidan. Kin maido mutanen, ba ki maido gidan ba. Ba su da inda za su zauna. Ɗaya fayil ɗin."

Na buɗe. Na ce mata, ba tare da na waiwaya ba, "Lambar da yarinyar ta rubuta a ƙofarki."

Ta faɗa a kunnena na hagu. Wani abu ya fashe a ciki, ɗumi ya gangaro mini wuya. Na danna lambar.

Na danna tafi.

Fari. Fari. Fari har ƙasa.

Daga matakala kukan jariri ya taso. Tagogi suka yi rawa, ɗaya ta tsage. Kukan yunwa ne, duk wadda ta yi goyo ta san shi.

Matar ta saki katakon. Ba ta ƙara kallonmu ba. Ta lanƙwashe ta ƙofa ta fice, ƙyauren ya bi ta ya faɗi. Na ji tana sauka tana lallashi, kukan yana raguwa.

Fanka ta ci gaba da juyawa.

Na ja Dogo ta hammata har bakin matakala, ƙafafunsa suna bin mu kamar tsumma. A nan maigadi ya same mu. Ya ce shi bai ji komai ba, yana sallame salla ne ya ga ruwa yana gangarowa daga bene. A asibiti muka ce faɗowa ya yi. Likitan ya dubi tsakiyar kan Dogo, inda katako ya bar shaida a miƙe, ya dube ni.

Ya daɗe a kwance. Yanzu da sanda yake tafiya, kuma rigunansa na da duk sun yi masa tsawo. Ni kunnen hagu ya tafi, haƙorina na gaba ma na roba ne. Matar da ta yi awon ta fara magana, amma ta bar aikin. Dogo ya koma, aka sauko masa da teburinsa ƙasa. Fayil na asali kulle shi yake yi kafin ya taɓa komai. In lamba ta yi masa baƙo ba ya gogewa, gefe yake ajiye ta, ya yi lissafi da ita, ya yi ba ita, ya miƙa wa shugabansa duka biyun. Shugaban ya yi ƙorafi har ya gaji.

Kwanan baya muna cin abinci, uwarsa ta tashi ɗauko ruwa, sai ya matso ta kunnena mai ji. Ya ce yau ya buɗe fayil ɗin da ya kulle, ya tarar an ƙara layi ɗaya a gidan. Ba a tura kowa zagaye ba. Shekaru sifili, nauyi ya fi buhun siminti.

Na ce, "Ka taɓa?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "To Allah ya raya." Muka ci gaba da cin abincinmu.